Minti Taran da 'Yan Biki Ba Su Ji Ba

Shafi na 17

Ga wanda ya iske mu a tsakiya: saura kwana goma sha ɗaya biki. Amarya ta ƙi DJ uku da ango ya kawo mata, ta kafe sai wani dattijon DJ da samari suka daina ɗauka. Dalilinta ɗaya ne. Shi ya yi kiɗa a bikin Baba Ƙarami, ƙanin mahaifinta, shekara goma sha huɗu da suka wuce, kuma an ce duk bikin da ya yi sai ya naɗi sautinsa ya adana. A wannan bikin mahaifinta ya yi jawabi. Yau shekara biyu da rasuwarsa, ita kuwa ba ta da muryarsa ko ta daƙiƙa ɗaya.

*

Ƙarfe biyu da kwata na ranar Alhamis suka hau benen, ita da Gwaggo, yayar mahaifinta da ta raine ta.

"Duk masu kiɗan da ke ƙasa ba su yi miki ba, sai na sama," in ji Gwaggo, tana dafe da gwiwa. "Ki bari in mutu kafin bikin, sai ki huta."

"Saura taki uku, Gwaggo."

"Haka kika ce ɗazu."

Shagon yana saman wata maɗaba'a. Injin ƙasa yana bugawa, daɓen yana amsawa a tafin ƙafa. Sifikoki huɗu a jingine da bango, wayoyi a naɗe an rataye su a ƙusa. Ɗaya bangon kanta ce tun daga ƙasa har rufi, cike da faifai. Amarya ta duba bayansu. Babu sunan mutum ko ɗaya. Kwanan wata ne da sunan ɗakin taro.

DJ ɗin ya miƙe. Gemunsa ya yi fari, tabarau a rataye a wuya. Idan ana magana kunnen hagu yake juyowa, na dama aiki ya cinye.

"Sannu da ƙoƙari, Hajiya. Ga kujera."

"Malam mai kiɗa, kai ba ka san ana tsufa ba ne?"

"Na sani, Hajiya. Shi ya sa in na hau ba na sauka."

Ya zaro takardu biyu ya ajiye a gabansu.

"Kafin komai, aiki. Wannan ta abin da za a saka ce. Wannan ta abin da ba za a saka ba. Ta biyun ta fi muhimmanci. Ban taɓa ganin an yi faɗa a biki don ba a saka waƙa ba. Amma na ga an yi don an saka."

Gwaggo ta janye ta biyun gabanta.

"Ba ni biro. Na farko, wannan kiɗan da mutum zai ji kamar ana gyaran mota a ƙirjinsa."

"Sunansa fa?"

"Yana da suna? Kai dai ka gane shi. Na biyu, kada ka kira ni fili. In na ji ka ce 'Gwaggon amarya ta fito', ni da kai ne."

"In amarya ce ta ce a kira ki fa?"

"Amarya ta san hannuna."

Amarya ta yi murmushi don kada a ce ba ta yi ba. Idonta yana kan kwamfutar da ke gefen miksa, na'urar haɗa sauti. Tun daga wurin aikinta a ɗakin gwaji hankalinta yake nan. Samfurin jini guda arba'in ta gwada da safe, biyu sai da ta maimaita.

"Kawu," ta ce. Tun zuwanta na farko haka take kiransa. "Ka samo?"

Ya saka tabarau, ya cire, ya goge, ya mayar.

"Na samo."

"Ana ji?"

"Tas."

Ya miƙa mata hedfon ta saka a kunne. Gwaggo ta tafa hannu.

"A'a, ƙanena ne kafin ya zama ubanta. Saka mana a fili."

Ya zare wayar hedfon ɗin, ya ɗaga maɓalli ɗaya a miksa.

Hayaniya ta fara fitowa. Cokula, kujeru, wani jariri can nesa. Sai aka ƙwanƙwasa makirufo sau biyu. Sai gyaran murya.

"Ana ji na? To, wanda bai ji ba ya tambayi maƙwabcinsa."

Amarya ta kama bakin tebur.

Ta manta yana gyaran murya kafin ya fara magana. Ta manta da sauri yake yi. A cikin kanta, shekara biyun nan, muryarsa ta yi kauri, ta yi sanyi, ta koma ta ciwon ƙarshe. Wannan ta mai lafiya ce. Dariya tana ƙasanta tana jiran a buɗe mata.

"Wannan ƙanin nawa," in ji muryar, "ko ruwan zafi bai iya dafawa ba. Amarya, mun ba ki shi yadda yake. Ba a mayarwa, ba a canji."

Ɗakin taro ya kwashe da dariya. Gwaggo ma ta yi, ta toshe baki da gefen mayafi.

"Allah ya jiƙanka," ta ce a hankali. "Baki kamar reza."

Ya yi addu'a. Ya gode wa dangin matar. Daga nan muryar ta sauka.

"Uwata, zo. Zo ki gaishe da mutane. Kada ki ji tsoro, ina riƙe da ke."

Numfashin yarinya a jikin makirufo.

"Ina yi wa Baba Ƙarami murna." Siririyar murya, a ɗarare. "Kuma a kawo lemo teburinmu, an manta da mu."

Tafi da shewa. Muryar uban tana dariya a sama da duka.

DJ ya danna. Sauti ya ɗauke.

"Minti huɗu da daƙiƙa goma," ya ce. "In kina so, daga 'Uwata, zo' zan yanko. Zan kashe kiɗa gaba ɗaya, a rage fitilu, muryarsa ta kira ki, sannan ki shigo."

Hawaye bai zo wa Amarya ba. Kallon kwamfutar take yi. Aikinta ne karanta layi a fuskar na'ura, ido ya saba. Koren layin sautin ya yi tsalle-tsalle har inda ya tsayar. Bai ƙare a nan ba. Ya yi ƙasa, ya sirance, amma yana ci gaba da motsi har ƙarshen allon.

"Wannan fa?"

"Wanne?"

"Bayan inda ka tsaya. Akwai saura."

"Ba na biki ba ne."

"Magana ce. Kiɗa ba haka yake zana layi ba, ga na kiɗan can a baya. Minti nawa ne?"

"Tara."

"Muryar wa?"

Ya juyo kunnen dama, wanda ba ya ji.

"Kawu. Muryar wa?"

"Tasa."

Gwaggo ta ɗago daga takardarta.

"To mene ne na ɓoyewa? Saka mana."

DJ ya dube ta sosai.

"Hajiya, bari in yi bayani yadda za a gane. Makirufon ranar mara waya ne. Da ya gama jawabi na sauke wannan maɓallin, sifika ta yi shiru, 'yan biki ba su ƙara jin sa ba. Amma na'urar naɗi tana ɗauka tun kafin sauti ya iso maɓallin. Shi kuma bai kashe ba. Aljihu ya jefa shi, aka zo aka ce ana sallama da shi a baya. Ya fita barandar da ke bayan ɗakin taron." Ya dubi Gwaggo. "Ke ma kin bi shi."

Biron ya tsaya a hannun Gwaggo.

Amarya ta ga fuskarta ta sauya. Ba fushi ba ne. Irin fuskar wanda ya taka matakala ya tarar babu ita.

"Rufe," in ji Gwaggo.

"Gwaggo?"

"Na ce ya rufe. Mun samu abin da muka zo nema. Tashi mu tafi."

"Me aka ce a barandar?"

"Maganar manya."

"Shekarata ashirin da huɗu."

"Ko ɗari ce, ni na yi miki wanka." Ta juya kan DJ. "Kai kuma ka ji tsoron Allah. Shekara goma sha huɗu kana ajiye da sirrin mutane a kan kanta kamar kayan sayarwa?"

"Ban taɓa sayarwa ba, Hajiya. Ban kuma taɓa gogewa ba. Ba na goge muryar mutum. Wanda ya ɗauke ni aiki shi ke da naɗin, kuma shi Baba Ƙarami ya kira ni ya ce in ba ta duk abin da ta nema."

"Bai san da wannan ba!"

"Bai sani ba. Shi ya sa na tsaya a minti huɗu."

Amarya ta ja kujerarta kusa da miksa.

"Gwaggo, wayar da saƙonninsa suke ciki an sace ta a asibiti ranar da ya rasu, kin sani. Tun daga ranar nake bin mutane ina tambaya ko wani yana da muryarsa. Yau an ce min ga minti tara. Ko lissafin kujeru yake yi, ina so."

"Ba za ki so ba."

"To bari in ji, in ƙi da kaina."

Injin maɗaba'a ya tsaya a ƙasa.

DJ ya ɗora yatsa a maɓalli, bai danna ba.

"In na saka, ba a mayar da shi," ya ce.

"Saka."

Sautin ya zo a dushe, da gogar yadi a jiki. Kiɗan biki yana can nesa kamar a gidan maƙwabta. Takun takalmi. Ƙofa ta rufe.

"Me ya kawo ki?" Muryar mahaifinta ce, amma babu dariyar nan a ƙasanta.

Wata mata ta amsa. Murya mai laushi, tana rawa.

"Na ji ta. Ta bango na ji ta. Ta yi magana."

"Na tambaye ki me ya kawo ki."

"Ba zan taɓa ta ba. Wallahi ba zan taɓa ta ba. Daga bakin ƙofa kawai, in ga tsawonta."

Amarya ta ɗaga hannu. DJ ya tsayar.

"Wace ce wannan?"

Ta juya wajen Gwaggo.

"Wata budurwarsa ce? Gwaggo, wace ce?"

Gwaggo tana kallon takardar abin da ba za a saka ba.

Amarya ta dubi DJ. Ya sunkuyar da kai. A nan ta gane, ba daga muryar ba. Muryar ba ta taɓa mata komai ba. Ta sake laluba cikin kanta, ta nemi inda za ta haɗa ta da wata fuska, wani ɗaki, wani ƙamshi. Babu. Shekararta takwas mahaifiyarta ta bar gidan. Abin da aka gaya mata gajere ne, kuma bai taɓa canzawa ba: ta nemi saki, ta tafi, ba ta waiwayo ba.

"Ci gaba," ta ce.

"Wata uku," in ji mahaifinta a cikin sifika. "Wata uku yarinyar nan ba ta ce uffan ba bayan tafiyarki. Likita uku na kai ta. Da cokali Yaya take buɗe mata baki. Yau ta riƙe makirufo gaban mutum ɗari biyu. So kike ta gan ki minti biyar, ki sake tafiya, mu koma farko?"

"To ka bar ni in dinga zuwa."

"Yau ki zo, gobe ba ki zo ba. Na san ki."

"Na warke. Ina shan magani. Ga takardar asibiti, duba."

"Ba na son takarda."

Ƙofa ta sake buɗewa. Murya ta uku ta shigo, da ƙarfi, ba ta tsufa ba ko kaɗan.

"Ana neman ka a ciki, za a yi hoto. Au. Ke ce?"

Gwaggo ta rufe ido a kujerarta.

"Yaya, ki roƙa min shi."

"Ni ba yayarki ba ce. Ki bi ta ƙofar baya, kada dangin amarya su gan ki."

Matar ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Numfashi kawai ake ji, da ƙarar leda.

"To ga wannan. Takalmi ne. Ban san ko ya yi mata kaɗan ba, da ido na auna wata yarinya sa'arta a kasuwa."

"Kawo," in ji muryar Gwaggo.

"Kada ku ce daga gare ni ne in ba ku so. Ta dai saka."

Gyaran murya. Amarya ta san gyaran muryar nan yanzu. Yana nufin an gama shawara.

"Ki yi min alkawari ɗaya. Ba za ki neme ta ba, ba a makaranta ba, ba a hanya ba. Ranar da ta girma ta neme ki da kanta, ba zan hana ba."

"In ba ta neme ni ba fa?"

"To ba ta neme ki ba."

Kiɗa can nesa ya canza.

"Na yi alkawari."

Sauran sautin takun ƙafa ne, da hayaniya tana ƙaruwa, da wani yana cewa ina makirufo, ina makirufo. Sai ƙit.

DJ ya sauke maɓallin duk da babu sauran abin da ke fita.

Amarya ta daɗe tana kallon layin da ya miƙe.

"Takalmin ja ne," ta ce. "Mai maɗauri a gefe."

Gwaggo ta juya biron a hannunta.

"Kika ce ke kika saya min don na yi ƙoƙari a biki. Ya matse ni. Na dinga saka shi a haka har ya fasa min dunduniya, don kada ki ji ba daɗi."

"Na sani."

"Kika ce ba ta waiwayo ba."

"Na ce."

"Yaya zan nemi wadda aka ce ba ta so na? Ya ce mata sai na neme ta. Ni kuma kuka ce min babu abin nema. Ta ina za mu haɗu?"

Gwaggo ta ajiye biron a hankali, ta gyara zama. Da ta yi magana, muryar ba ta rawa.

"Kin ji minti tara. Ni na ga shekarun da suka gabace su. Na ga ranar da ta kulle kanta a ɗaki kwana biyu, ke kina bakin ƙofa kina ƙwanƙwasawa da murfin tukunya. Na ga ranar da ta manta da ke a tasha. Ciwo ne, ban ce halinta ba ne. Amma ke ce a ƙarƙashinsa. Ubanki bai ƙi ta ba, tsoro ya ji. Ni ma shi na ji."

"Bayan na girma fa?"

"Bayan kin girma kina dariya, kina cin jarrabawa. Wa zai zo ya ce bari in buɗe miki wannan? Kullum sai mu ce baɗi. Har ya kwanta."

"A asibiti bai ce komai ba?"

Gwaggo ta kau da kai wajen taga.

"Ya ce."

"Me ya ce?"

"Ya ce in gaya miki bayan biki."

Amarya ta yi 'yar dariya mara sauti. Ta dubi kwamfutar. Mutumin da ya ce "ina riƙe da ke" da mutumin da ya ce "to ba ta neme ki ba", minti uku ne tsakaninsu, riga ɗaya, aljihu ɗaya. Ta nemi haushinsa a ranta. Abin da ta tarar shi ne tana so a sake saka mata shi, har da wurin da ya yi kaushi.

"Tana raye?" ta tambaya.

"Ban sani ba," in ji Gwaggo. "Allah ne shaidata. Tun ranar ban sake sa ta a ido ba."

"Tana raye," in ji DJ.

Suka juyo tare.

Ya cire tabarau ya bar shi ya faɗa a ƙirji.

"Mako ɗaya bayan bikin ta hau benen nan. Sunan shagon ta karanta a jikin motata. Ta ce in ba ta wurin da yarinya ta yi magana. Na ce ba ita ta ɗauke ni aiki ba, ba zan ba ta kwafi ba. Sai ta ce to a bar ta ta saurara kawai." Ya nuna kujerar da Amarya take kai. "Nan ta zauna. Daƙiƙa goma sha tara ne. Sau shida na maimaita mata."

"Sau ɗaya ta zo?"

"Duk shekara. Watan da aka haife ki. Ba ta daɗewa. Ta saka hedfon, ta ji, ta yi godiya, ta sauka. Har yau in an zo wurin lemon nan sai ta yi dariya."

Amarya ta janye hannunta daga hannun kujerar, ta dube shi, ta mayar.

"Ta san Baba ya rasu?"

"Ta sani. Na ce mata ai yanzu hanya a buɗe take. Ta ce a'a, mutumin da ta yi wa alkawari ba ya nan balle ya yafe mata shi."

"Tana lafiya?"

"Ni dai lafiya nake ganinta. Ɗinki take yi. Ta yi furfura a nan gaba." Ya taɓa goshi. "Tafiyarku ɗaya. Ranar da kika fara shigowa, sai da na duba kalanda."

Gwaggo ta buga tebur.

"Wato kai ne ɗan aike! Kai ka kai mata labarin biki."

"Ban kai ba, Hajiya. Shekaranjiya ta zo, ba lokacinta ba, ta ce haka kawai ta ji tana so. Ga allon ayyukana can bayan ƙofa. Sunan amarya da na mahaifinta suna jiki, da rana, da wuri. Ta fi minti goma a tsaye a gabansa."

"Sai ta ce me?" in ji Amarya.

Ya buɗe aljihun tebur ya fito da wata takarda mai tambarin ɗakin taro.

"Masu gadin wurin nan ba sa barin kowa ya shiga babu kati. Sai ma'aikata. Ni mutum uku ake ba ni. Ni, da direbana, da wanda zai riƙe min wayoyi. Amarya ko ango ke sa hannu a jerin, gobe kafin azahar nake miƙawa." Ya juya takardar ta fuskance ta. Layi na uku babu komai. "Ta roƙe ni in rubuta ta a nan. Ta ce za ta saka baƙar riga irin tamu, ta tsaya bayan sifika, ba za ta yi wa kowa magana ba. In kin shigo ta gan ki, ta fita. Ta ce wannan ba nema ba ne, aiki ne."

"Kai kuma ka ce?"

"Na ce biki na amarya ne."

Gwaggo ta miƙe. Gwiwar ba ta hana ta ba.

"Shekara goma sha shida nake taje miki kai," ta ce. "Ni na zauna a benci ranar da kika karye. Ni na je makaranta aka zage ni a kanki. Ita takalmi ɗaya ta kawo, shi ma bai yi miki ba."

"Na sani, Gwaggo."

"Ba ki sani ba. Da kin sani da ba ki kalli takardar nan ba."

Amarya ta ɗauki biron. Ta karanta jerin daga sama har ƙasa, kamar yadda take karanta sakamakon gwaji kafin ta sa hannu. Sunan DJ. Sunan direba. Ƙasan layi na uku an buga da ƙananan baƙaƙe: ma'aikata ta ƙofar baya za su shiga.

Ta mayar da murfin biron.

"Ba zan sa hannu ba."

Gwaggo ta sauke numfashi, ta laluba bayanta ta dafa kujera.

"Allah ya yi miki albarka. Ɗauko jakarki."

Amarya ta ɗauko jakar. Ta zuge ta. Katunan gayyata huɗu ne suka rage daga na wurin aiki. Ta zaro ɗaya, ta goge shi a jikin rigarta, ta ɗora a kan takardar masu gadi.

"Kawu, ka san inda shagonta yake?"

"Na sani."

"Ka kai mata. Ka ce mata na neme ta."

DJ bai taɓa katin ba. Gwaggo yake kallo.

Ita kuwa ta gyara mayafinta, ta rataya jaka, ta taka har bakin ƙofa. A nan ta tsaya, hannunta a kan mariƙi. Ba ta juyo ba.

"Ni na tsara teburin gaba," ta ce. "Kujerar uwar amarya guda ɗaya ce. Faɗa min yanzu, wa za ki tayar?"